Daga Ƙirgan Wuri Zuwa Lambobin Waya: Tarihin Koyon Lissafi a Tsakanin Manya

GABATARWA

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A duk lokacin da aka zauna zancen ilimi a tarurrukanmu na shekara-shekara, hankali yakan tafi ne ga yara: ajujuwan da iska ta yaye wa rufi, da kuɗin jarrabawa, da tallafin karatu ga 'ya'yanmu da ke manyan makarantu. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani ɗalibi da ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato magidanci ko uwargida da shekaru suka ja, wanda yake noma ko kiwo ko saye da sayarwa, yana juya dukiya a kullum, amma da zarar an miƙa masa takarda mai alƙaluma sai ya shiga neman mai duba masa. A wannan maƙala muna so mu bi tarihin yadda manya a ƙasar Hausa suka koyi lissafi, da yadda hukumomi suka yi ƙoƙarin koya musu, tun daga zamanin wuri har zuwa yau da kuɗi suka koma cikin wayar hannu.

Abin da tarihin zai nuna mana shi ne iyayenmu da kakanninmu ba su taɓa rasa lissafi ba. Abin da ya sha kuɓuce musu shi ne rubutaccen lissafi, wato ikon duba abin da wani ya rubuta a kan dukiyarsu, su ce wannan daidai ne, wannan kuwa da gyara. Sau uku cikin shekara ɗari da 'yan kai aka sauya musu yadda ake ƙirga kuɗi, kowane sauyi kuma yakan mayar da gwanin jiya ɗan koyo.

LISSAFIN KASUWA A ZAMANIN WURI

Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Asalinsa daga tekun Indiya yake, musamman tsibiran Maldif, 'yan kasuwa kuma suka yi ta shigo da shi har ya zama abin ciniki daga Katsina zuwa Zazzau.

Wuri kuɗi ne mai ƙaramar daraja, saboda haka ko ƙaramin ciniki sai an yi ƙirga mai yawa. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Katsina da Kano a farkon 1851. Ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500 a Kano. Ya kuma bayyana yadda ake ƙirgan: mai ƙirga yakan jawo wuri biyar-biyar da yatsunsa, ya tara su tsibi-tsibi, ko dai na ɗari biyu ko na dubu. Wuri ashirin shi ne hauya, hauya goma kuwa ita ce ɗari biyu. Idan an kai dubu ashirin sai a ɗinke su cikin jakar tabarma, abin da Hausawa ke kira keso. Mutumin da ya saba da wannan aiki ya riga ya haddace ninkin biyar da na ashirin tun kafin wani ya zo masa da jadawali.

Harshen ma ya adana mana shaidar wannan zamani. Daga ɗaya zuwa goma kalmominmu ne na gado. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, wanda ya maye gurbin tsohon ƙirga irin su gomiya biyu da gomiya uku. Tsofaffin 'yan kasuwa sun san metan da arbaminya da hamsaminya da alfin, wato 200 da 400 da 500 da 2,000, sun kuma san zambar. Har ila yau akwai ƙirgan ragi, inda ake cewa ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara, ko talatin ba biyu maimakon ashirin da takwas. Duk wanda ya faɗi haka ya yi ɗebewa a cikin kansa, ko da bai san sunanta ba.

Makarantar wannan lissafi ita ce rumfar kasuwa da ayarin fatake da tsakar gida. Yaro yakan koya daga ubangidansa, yarinya daga uwarta. Mace mai sana'a a cikin gida takan ƙirga ƙosai ko dawo kafin ta ɗora wa 'yar talla, ta san abin da za a kawo mata da yamma. Uwar adashi takan riƙe zubin mutum goma ko ashirin a ka, ta san wadda ta kwasa da wadda ke jira. Inda ake tsoron mantuwa sai a yi zane da gawayi a jikin bango.

LISSAFIN ZAURE

Bayan lissafin kasuwa akwai kuma na malamai, wanda ake kira hisabi. Masu koyonsa galibi manya ne, domin sai ɗalibi ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafan fiƙihu, irin su Risala, sannan yake isa babin zakka da na gado. A nan ne kalmomin sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushuri suka shigo bakin Bahaushe, har tumunin takaba ya zama magana da kowa ya sani.

Zakka tana buƙatar a san ɗaya cikin arba'in na kuɗi, da ɗaya cikin goma na amfanin gonar damina, da ɗaya cikin ashirin na abin da aka shayar da wahalar ban-ruwa. Rabon gado kuwa ya fi wannan zurfi. Alal misali, a ce mutum ya rasu ya bar wuri 240,000, wato keso goma sha biyu, ya kuma bar mata ɗaya da uwa da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Malami zai nemi adadin da takwas da shida za su raba shi ba saura, sai ya samu ashirin da huɗu. Matar ta ɗauki kashi uku, wato 30,000, uwar ta ɗauki kashi huɗu, wato 40,000. Ragowar 170,000 a kasa ta biyar: kowane namiji 68,000, macen kuma 34,000. Wannan shi ne darasin da a yau ake koyar da 'yan sakandare a babin gutsattsarin lamba, malaman zaure kuwa sun daɗe suna warware shi a kan allo ko a kan rairayi.

Daga cikin waɗannan malamai akwai wanda sunansa ya shiga tarihin lissafi na duniya, wato Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda a 1732 ya yi rubutu a kan dokokin jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Haka kuma marubuta waƙoƙi na zamanin jihadi sukan rufe waƙa da ramzi, wato su saka shekarar da aka yi ta cikin haruffa masu ƙimar lamba. Sai dai wannan ilimi na 'yan kaɗan ne. Talaka yakan kai matsalarsa gaban malami ko alƙali, ya karɓi amsa bisa amana.

ZUWAN SULE DA SIKELI

Sauyi na farko ya zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Sannu a hankali aka ture wuri, aka kawo kuɗin ƙarfe, aka kuma nemi a riƙa biyan haraji da jangali da su. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Bahaushe ya raɗa wa kowane tsaba suna: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka, har zuwa fam. Ɗari, wato rabin kwabo, ta samo sunanta ne daga wuri ɗari da ake canza ta da shi.

Wahalar sabon kuɗin ita ce bai tafi a kan goma-goma ba. Anini goma ne kwabo, amma kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam, wato kwabo 240 ke nan a fam guda. A ce manomi ya sayar da buhu uku, kowanne a kan fam ɗaya da sule bakwai da sisi. Sisi uku sule ɗaya da sisi ne. Sule bakwai sau uku ashirin da ɗaya, a ƙara wancan ɗaya, ashirin da biyu, wato fam ɗaya da sule biyu. Jimla ta zama fam huɗu da sule biyu da sisi. Cikin 'yan shekaru mutanen kasuwa suka ƙware da wannan a ka. Amma akawu a takarda yake yin nasa, cikin layi uku, yana riƙe ɗaya a goma sha biyu a layin farko, a ashirin a layi na biyu, kuma takardarsa ita ce hukuma ke dubawa idan gardama ta tashi.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, auduga ta bi baya a ƙasashen Zazzau da Katsina da Gusau. Tare da su sikeli ya shigo. Manomin da ya saba da mudu da dami, abin da idonsa ke gani hannunsa ke taɓawa, sai ga shi tsaye gaban wani ƙarfe mai alƙaluman da bai iya karantawa. Daga 1949, da aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, gwamnati takan bayyana farashi a farkon kaka. Na gyaɗa a kan tan ake faɗarsa, tan kuwa laba 2,240 ce, alhali manomi buhu ko mudu ya kawo. Tsakanin farashin da aka yi shela da abin da aka zuba masa a hannu akwai rabawa da ninkawa waɗanda wani ne yake yi a madadinsa. Akwai malaman sikeli masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda ba haka ba, manomi kuwa ba shi da hanyar bambance su. Haka abin yake ga takardar haraji: wanda bai iya karanta ta ba, bai san ko an rubuta abin da ya biya ba, ko ma ta wace shekara ce.

Makarantun boko na farko, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sun koyar da lissafi, amma ɗalibansu kaɗan ne ƙwarai. An horar da su ne domin su zama malamai da akawuna da ma'aikatan baitulmali. Ta haka rubutaccen lissafi ya taru a hannun masu karɓa, masu biya kuwa suka zauna da na ka.

YAƘI DA JAHILCI

Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Ingila ta fara zancen ilmantar da jama'a baki ɗaya a ƙasashen da take mulki, a 1946 kuma aka naɗa Manjo A. J. Carpenter jami'in wannan aiki a Nijeriya. Amma a Arewa abin bai kankama sosai ba sai a farkon shekarun 1950, lokacin da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci. Zamanin ya zo daidai da soma zaɓuɓɓuka da shirin mulkin kai, shugabannin Arewa kuma sun ga cewa jama'ar da ba ta karatu ba za ta iya riƙe abin da ke tafe ba. Malam Ahmadu Coomassie na Katsina shi ne mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da jagorancin wannan aiki, Zariya kuma ita ce cibiyarsa.

An buɗe ajujuwa a zaurukan dagatai da ƙarƙashin itatuwa da cikin makarantun elementare bayan yara sun tashi. Masu koyarwa galibi 'yan gari ne da suka ɗan taɓa boko, En'e tana ba su ɗan alawus. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. Domin kada sabon mai karatu ya rasa abin karantawa, aka kafa hukumar NORLA a Zariya, wadda ta yi aiki har 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauci, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939.

Haƙiƙa wannan yaƙi ya yi amfani. Dattawa da dama da muka tashi muka tarar suna rubuta wasiƙa da boko, suna duba rasit, suna karanta lambar sikeli, a waɗannan ajujuwa suka koya. Duk da haka akwai abubuwa biyu da suka rage masa armashi. Na farko, ma'aunin nasara shi ne yawan waɗanda suka iya karatu da rubutu, saboda haka lissafi ya zama ɗan rakiya, wanda ake taɓawa idan lokaci ya ragu. Na biyu shi ne sunan da kansa. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta ajami, yake riƙe da cinikin shanu ɗari a kansa, ba zai ji daɗin a kira shi jahili ba, balle a zaunar da shi yana maimaita ɗaya da ɗaya biyu a gaban sa'an ɗansa. Da yawa sun ƙaurace wa aji saboda kare mutunci, aka ɗauka ƙyuya ce.

NAIRA DA KWABO

Sauyi na biyu ya zo ranar 1 ga Janairu, 1973, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin da naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma naira ɗaya, sule ɗaya kwabo goma, sisi kwabo biyar. An fito da tsabar rabin kwabo mai hoton auduga, da kwabo ɗaya, da biyar, da goma, da ashirin da biyar mai hoton gyaɗa. Rediyo da majigi da masu shela suka yi ta bayani, har ana iya cewa a wannan shekara ƙasar gaba ɗaya ta zama ajin lissafi na manya.

A takarda sabon tsarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, tun da komai ya koma goma-goma. A kasuwa kuwa ya zo da nasa ruɗanin, domin suna ɗaya ne ga abu biyu: jiya kwabo goma sha biyu ne a sule, yau kwabo goma ne. Taro ya zama kwabo biyu da rabi. Abin lura shi ne yadda jama'a suka warware matsalar da kansu. Ba su yar da tsohon lissafi ba, sai suka ɗora sabon a kansa. Shekaru da dama bayan haka ana kiran kwabo goma sule, ana kiran naira goma fam biyar, jaka kuma, wadda a da fam ɗari ce, ta zama naira ɗari biyu. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar ma haka suke yi da sefa, inda dala take nufin faran biyar, don haka wanda ya ce dala ashirin yana nufin abin da aka rubuta 100 a jikinsa. A wannan akwai darasi ga duk mai koyar da manya: babba yana fahimtar sabon abu ne idan an jingina masa shi da wanda ya riga ya sani.

Wani abin da ya taimaka shi ne rubutun ajami da ke jikin takardun kuɗi, wanda ke faɗar darajarsu da Hausa. An cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, aka sa boko a madadinsa, sannan aka cire shi daga sabuwar naira 100 a 2014. A shekarun 1970 ɗin nan ne kuma aka koma awon kilo da lita da mita, aka bar laba da galan da yadi a hukumance, ko da yake kasuwa ta ci gaba da mudunta da tiyarta.

ZAMANIN HUKUMOMI

Bayan shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, hankali ya sake komawa kan manya. A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu. Aikinta ya yi suna har hukumar UNESCO ta yaba mata, sauran jihohi kuma suka yi koyi. Ranar 8 ga Satumba, 1982, Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, a 1990 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin manya, wato NMEC. Tsarin da aka shimfiɗa ya kasa karatun mataki-mataki: na farko daidai da rabin firamare, na biyu ya kammala ta, sannan mai so ya ci gaba. A wannan tsari lissafi ya samu gurbinsa a matsayin darasi mai zaman kansa.

Mata ma sun samu ƙofa. Makarantun Islamiyya na matan aure sun yawaita tun daga shekarun 1980, wasunsu kuma sun haɗa da boko da lissafi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta tsara karatun 'yan taru tun ƙarni na goma sha tara. Sai dai ciwon da ya daɗe yana damun ilimin manya shi ne rashin ɗorewa. Akan buɗe aji da ganga da jawabi, bayan 'yan watanni alawus ɗin malami ya tsaya, damina ta faɗi, ɗalibai su koma gona, abin da aka koya kuma ya zube saboda rashin amfani da shi.

INDA BABBA KE TUNTUƁE

Duk wanda ya taɓa koyar da manya ya san cewa tarawa da ɗebewa ba su ne matsalarsu ba. Ka tambayi mai awo kuɗin tiya bakwai da rabi, kafin ka ɗauko biro ya ba ka amsa. Tuntuɓen yana wurare ne sanannu.

Na farko shi ne matsayin lamba, wato gidan ɗaya da gidan goma da gidan ɗari, da aikin sifili. Bahaushe yana cewa ɗari uku, ya fara ambaton ɗari sannan uku, don haka sabon ɗalibi yakan rubuta 100 ya bi ta da 3, abin ya fito 1003. Idan aka ce ɗari biyu da biyar sai ya rubuta 2005 maimakon 205. Mai cewa ashirin ba ɗaya kuwa sai an nuna masa dalilin da ya sa babu 2 a cikin 19. Na biyu shi ne harshen da kansa yakan bar ƙofa a buɗe: dubu ɗari da hamsin tana iya zama 150,000, tana kuma iya zama 100,050, a baki yanayin ciniki ne ke rarrabewa, a takarda kuwa sai an zaɓi ɗaya. Na uku ya shafi wanda ya saba da alƙaluman littattafan bugun Masar da Bairut, inda biyar take kama da sifilin boko, shida take kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne kawai. Irin wannan ɗalibi yana da sani, abin da yake buƙata shi ne a jera masa alƙaluman biyu gefe da gefe. Yana da kyau kuma a sanar da shi cewa duka biyun tushensu ɗaya, daga Indiya suka fito, malaman Musulunci irin su al-Khawarizmi na Bagadaza suka yaɗa su tun ƙarni na tara, kalmar sifili ma Larabci ce.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kunya. Yaro yakan yi kuskure a yi dariya ya manta, magidanci kuwa idan aka yi masa dariya sau ɗaya ba zai dawo ba. Malamin da ya fara da cewa, "Baba, yaya kuke lissafa wannan a kasuwa?" sannan ya rubuta amsar dattijon a allo ya nuna masa cewa abin da ya faɗa ke nan, ya riga ya ci rabin yaƙin.

ZAMANIN WAYA

Sauyi na uku muna cikinsa. Darajar naira ta sa alƙaluma sun yi tsawo: an fito da takardar naira 100 a 1999, da 200 a 2000, da 500 a 2001, da 1,000 a 2005, cinikin da a da ake yi da ɗaruruwa yanzu da dubbai ɗari ake yinsa. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin manyan takardun kuɗi, a farkon 2023 kuma aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi da ba za a manta da shi ba. A 'yan makonnin nan mai sayar da akuya da mai ƙuli-ƙuli da mai faskare duk suka tsinci kansu suna karɓar taransifa.

Wuri da sule da naira duk ana taɓa su a ƙirga. Kuɗin waya kuwa alƙaluma ne zalla. Tsakanin 15,000 da 150,000 sifili ɗaya ne, wanda bai iya bambance su ba kuwa dole ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani, kamar yadda kakansa ya tsaya gaban sikeli yana jiran abin da za a faɗa masa. Ga kuma awon maganin feshi a cikin lita, da awon maganin yaro a cikin cokali mai zane, da kaso cikin ɗari da ke rubuce a takardar bashin noma, da takardar sakamakon zaɓe da ake mannawa a rumfa. A kowannensu kuskuren lamba yana iya cin dukiya ko lafiya ko haƙƙi.

KAMMALAWA

Idan muka tattara wannan tarihi za mu ga cewa mutanenmu sun karɓi kowane sabon lissafi da zarar sun ga amfaninsa, kuma sun fi saurin koyo a inda aka mutunta abin da suka zo da shi. Ajin da zai ɗore shi ne wanda littafinsa rasit ne da saƙon banki da takardar taki, wanda ake buɗewa bayan an kai amfanin gona gida, wanda mata suke da nasu lokaci da tasu malama, wanda kuma aka tanadi haƙƙin malaminsa na shekara guda kafin a kira ɗalibi na farko. Ba ya buƙatar sabon gini, zaure da allo da alli sun isa.

Kusan kowane ɗaya daga cikinmu da ke karanta wannan mujalla yana da uwa ko kawu ko gwaggo da ke kiransa a waya domin ya duba musu ko kuɗi sun shiga. Su ne suka sayar da gyaɗa da auduga da ƙosai suka kai mu makaranta, da lissafin da suka riƙe a ka. Gemu ba ya hana ilimi, in ji masu iya magana, kuma wata uku na zama da su da yamma zai iya sa su duba da idonsu. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan hidima, Ya ba mu ikon ɗorawa daga inda suka tsaya, amin.